Filashar hannu ko mai auna haske da kanta: tazara ce ke raba gardama

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta daɗe tsakanin masu ɗaukar hoto, wato wace irin filasha ta waje (wadda ba a haɗe take da jikin kyamara ba) ya kamata mutum ya ɗora wa kyamararsa: wadda ake saita ƙarfinta da hannu, ko wadda take auna haske da kanta, wadda aka fi sani da TTL. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu tsofaffin hannu suke cusa wa sababbin shiga cewa TTL ta raggwaye ce, gwani ba ya taɓa ta. A ganina wannan magana ba ta da tushe, domin abin da ke yanke hukunci shi ne ko tazarar da ke tsakanin filasha da wanda ake ɗauka tana nan daram, ko tana canzawa kowane lokaci.

Hasken filasha yana dusashewa da sauri fiye da yadda ido ke zato. Idan mutum yana tsaye mita 2 daga filasha, sai ya ja da baya zuwa mita 4, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken farko ne zai same shi, ba rabi ba. Filashar hannu ba ruwanta da wannan motsi. Ƙarfin da aka saita mata, daga cikakke zuwa rabi, zuwa 1/4, har ƙasa zuwa 1/128 a yawancinsu, shi za ta riƙa fitarwa ko ya isa ko bai isa ba. Wannan taurin kai nata shi ne kuma alherinta. A ɗakin hoto, inda filasha take kan sanda a cikin lema, mutum kuma yana zaune a kujera ɗaya, da zarar an dace da saiti duk hotunan da za su biyo baya haskensu ɗaya ne, kuma wanda ya taɓa zaman gyaran tarin hotuna a kwamfuta ya san darajar hakan. Lissafinta ma ba wuya: filashar da lambar jagorarta (lambar da ke nuna ƙarfin haskenta) ta kai 40 a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske), idan aka ajiye ta mita 5 daga mutum a cikakken ƙarfi, sai a raba 40 da 5, a buɗe idon kyamara a f/8.

Amma a wurin taro, inda mai jawabi yake kai da kawowa, wani yana daf da kai, wani yana can ƙarshen zaure, babu lokacin wannan lissafi. Nan ne TTL take nuna amfaninta. Kafin a ɗauki hoton, filasha tana sakin wani ɗan ƙaramin walƙiya, kyamara ta auna abin da ya dawo ta cikin gilashinta, sannan ta ƙayyade ƙarfin babban hasken, duk cikin ƙiftawar ido. Dabarar auna haske ta cikin gilashin kyamara ba sabuwa ba ce. Kyamarar Olympus OM-2 ta shekarar 1975 tana auna hasken da ke dawowa daga fuskar fim, daga baya kamfanin Canon ya fito da tsarinsa na E-TTL a 1995 da E-TTL II a 2004, Nikon kuma ya kawo nasa, i-TTL, a 2003. Idan aka karkata kan filasha zuwa silin ko bango domin haske ya yi laushi, tafiyar hasken tana ƙaruwa, bangon kuma ya shanye wani kaso, kuma duk wannan TTL tana lissafa shi ba tare da an tambaye ta ba.

Ba ina cewa ba ta kuskure ba ne. Kyamara tana ɗaukar cewa duk abin da ke gabanta matsakaicin haske gare shi, saboda haka mai fararen kaya yakan fito da duhu-duhu, mai baƙaƙen kaya kuma fuskarsa ta yi fayau har ta ƙone. Madubi ko tagar gilashi a bayan mutum kan ruɗe ta gaba ɗaya. Akwai kuma mutanen da idonsu ke da saurin ƙiftawa, waɗanda walƙiyar farko take sa su rufe ido daidai lokacin da ta biyu ta tashi. Maganin yawancin wannan yana jikin na'urar: akwai maɓallin ƙara ko rage hasken da ta zaɓa, akwai kuma na kulle awon a kan fuska kafin a daidaita hoton. Wanda bai koyi waɗannan biyu ba, bai kamata ya ɗora laifi a kan TTL ba.

Shawarata ga mai sayen filasharsa ta farko ita ce ya sayi mai TTL, saboda dalili guda mai sauƙi: kusan kowace filasha mai TTL ana iya mayar da ita saitin hannu, amma ta hannu zalla ba ta taɓa zama TTL. Ta biyu da ta uku, waɗanda za a kafa a kan sanda domin haska bango ko gashi, su ne suka dace su zama na hannu, tunda sun fi araha kuma ba motsi za su yi ba. Ga wanda yake ɗaukar hoto a tsakar rana akwai ƙarin dalili, domin hasken rana yakan sa a ƙara saurin marufi, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a lokacin ɗaukar hoto, yawancin kyamarori kuwa ba sa daidaita da filasha idan saurin marufinsu ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, sai da tsarin daidaitawa mai sauri, wanda aka fi samu a filasha masu TTL.

Sai dai a kula, TTL ta kowane kamfani harshenta daban, kuma ƙananan ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙafar filasha ba jeri ɗaya suke ba. Shi ya sa filashar Godox TT685 mai TTL take zuwa da harafin C don Canon, N don Nikon, S don Sony, alhali TT600 ta hannu ƙarfe ɗaya ne tal a tsakiyarta. Wannan ƙarfe na tsakiya ma sai an duba mazauninsa a saman kyamara, domin akwai ƙananan kyamarori irin su Canon EOS 4000D da suka fito babu shi. Haka nan wanda ya gaji tsohuwar filasha ta zamanin fim, irin Vivitar 283 ta farko-farko, kada ya ɗora ta a kan kyamarar dijital sai ya auna ƙarfin lantarkin da ke ƙafarta, domin wasunsu suna haura bolt 200, kuma hakan yana iya lalata kyamarar da ba a gina ta don ɗaukar irin wannan ƙarfi ba.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku, kuma mai sana'ar ɗaukar hoto