Jawabin Ɗalibi na 1826 da Amfanin Ajiye Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wata takarda da aka rubuta da hannu kusan shekara 200 da suka wuce, wadda har yau take ajiye a ɗakin adana tsofaffin takardu na Kwalejin Bowdoin da ke garin Brunswick, a jihar Maine ta Amurka. Takardar jawabi ce da wani ɗalibi, John Brown Russwurm, ya gabatar ranar bikin yaye ɗalibai a watan Satumba na 1826.

An haifi Russwurm a Jamaika a 1799, mahaifinsa Bature, mahaifiyarsa baƙar fata. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala karatu a Bowdoin, kuma yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka sami digiri a duk faɗin Amurka. Da aka ba shi damar tsayawa gaban malamai da manyan baƙi, sai ya zaɓi ya yi magana a kan halin da ƙasar Haiti take ciki da kuma makomarta. Zaɓin yana da nauyi ƙwarai idan aka dubi zamanin. Bayi ne suka yi tawaye suka kafa Haiti a 1804, a 1825 Faransa ta ɗora mata biyan diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta, ita kuwa Amurka ba ta amince da ita ba sai a 1862, saboda tsoron da masu bayi na jihohin kudu suke yi kada labarin ya shiga kunnen bayinsu. A irin wannan yanayi ne saurayin ya miƙe ya kafa hujja da Haiti cewa mutanen da ake yi wa kallon ba su isa su mulki kansu ba sun ƙwaci 'yancinsu, sun kuma kafa hukuma. A shekarar da ta biyo baya, shi da Samuel Cornish suka fara buga Freedom's Journal a New York, jarida ta farko mallakar baƙar fata a Amurka. A 1829 ya ƙaura Laberiya, daga baya ya zama gwamna a Cape Palmas har rasuwarsa a 1851. Wanda ya karanta jawabin nan zai ga irin tunanin da ke ransa tun kafin ya riƙe alƙalamin ɗan jarida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin waɗannan takardu suke salwanta cikin sauƙi. A 1743, Samuel Adams, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Amurka, ya tsaya a bikin yaye ɗalibai na Kwalejin Harvard ya kare ra'ayin cewa halas ne a bijire wa shugaba mafi girma idan babu wata hanyar ceton al'umma. Tambayar da ya amsa tana nan a takardar bikin da aka buga da Latin, amma hujjojin da ya kawo sun ɓace, kuma masana tarihi ba su da abin yi sai kintace. Ita kanta Harvard, wadda ta yaye ɗalibanta tara na farko a 1642, gobara ta cinye ɗakin karatunta a watan Janairu na 1764, littattafai kusan 5,000 suka ƙone, kimanin 400 kawai suka tsira, waɗansunsu don suna hannun waɗanda suka ara. A ganina, babbar barazana ma ita ce raini, domin makaranta takan kiyaye wasiƙun shugabanta da littattafan kuɗinta, ta bar rubutun ɗalibi a hannun sa'a, alhali babu wanda ya san abin da ɗalibin zai zama.

Ajiyar kuma aiki ce mai neman sani da haƙuri. Takardun wancan zamani da tsummokin auduga da lilin ake yin su, shi ya sa suka fi na bayan 1850 ƙarko, waɗanda ake yi da niƙaƙƙen itace. Matsalar tana ga tawada, wadda ake haɗawa da sinadarin ƙarfe, domin a hankali takan ci takardar har harafi ya zama rami. Saboda haka ake sa irin wannan takarda cikin jakar kwali marar asid, a ɗaki mai sanyi wanda laimarsa ba ta hawa da sauka, nesa da hasken rana, kuma ba a fito da ita sai da dalili.

Wasu za su ce tunda ana iya ɗaukar hoto a sa a intanet, wahalar ta ƙare. Ina maraba da hoton, domin shi ne zai kai jawabin Russwurm ga mai karatu a Haiti ko Laberiya wanda ba zai taɓa zuwa Maine ba. Amma ainihin takardar ce take nuna tambarin masana'antar da ta yi ta, da inda marubuci ya goge ya sake, da canjin tawada, kuma da ita ake tabbatar da cewa hoton bai yi ƙarya ba. Ina fata jami'o'in Amurka da suke riƙe da irin waɗannan jawabai za su kiyaye ainihin takardun, su kuma haɗa kowane hoto da rubutu bugagge da ɗan bayanin wanda ya yi jawabin da shekarar da ya yi shi, tunda rubutun hannu na ƙarni na 18 da na 19 yana da wuyar karantawa, balle wanda aka yi da Latin.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku