Ɗaliban da korona ta zaunar a gida: wa ya tambaye su yadda suka kwana?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da ɗaliban jami'a suka shiga a shekarar 2020. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Ina aji huɗu a wata jami'ar gwamnatin tarayya a lokacin, ina ƙirga watannin da suka rage mini in ajiye biro.

A ƙarshen Fabrairu aka tabbatar da ɓullar korona a Legas. Ranar 9 ga Maris ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara yajin aikin gargaɗi, ranar 23 ga wata ta mayar da shi na sai abin da hali ya yi, daidai lokacin da gwamnati ta rufe makarantu. Muka bar littattafai da katifu a ɗakunan kwana, a tunaninmu ba za mu wuce wata guda ba. Ba a janye yajin aikin ba sai ranar 23 ga Disamba, ba mu koma aji ba sai cikin 2021. Muna jin labarin ɗaliban wasu ƙasashe suna karatu ta intanet, mu kuwa ko da akwai data da wutar caji, babu malamin da zai koyar.

A Kano aka sa dokar kulle a tsakiyar Afrilu, azumi ya same mu a cikinta. Babu tafsiri, babu asham a masallaci, kullum sai sanarwar rasuwar wani dattijo. Mahaifina ɗan kasuwar Kwari ne, kasuwa kuma a rufe. Ni da gida ke jira in gama in rage wa tsoho nauyi, sai ga ni cikin masu jiran kwano. Duk wanda ka haɗu da shi a layi tambayarsa ɗaya ce: yaushe za ku koma? Waɗanda suka fara karatu a makare suna ta lissafin shekara 30 da ake daina tafiya bautar ƙasa, 'yan uwanmu mata kuma an fara yi musu zancen aure tunda karatun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abokin ɗakina. Kaf ajinmu babu mai kaifin ƙwaƙwalwarsa, shi ke koya mana abin da ba mu gane ba. Bayan babbar salla ya daina ɗaga waya. Da na je gidansu na tarar ya rame, ba ya barci da dare, ba ya fita ko ƙofar gida, abinci sai an yi da gaske. Mutanen gida suka ce lalaci ne. Wasu suka ce sammu, wani kuma ya gaya masa a gabana cewa ƙarancin tawakkali ne ke damunsa, alhali yaron nan ya fi mu duka riƙon salla da karatun Alƙur'ani. Ni ma abin da na ce masa shi ne ya yi haƙuri, kowa haka yake ji. Har yau ina nadamar wannan magana, domin na rufe masa baki a ranar da ya fara ƙoƙarin buɗe shi. Allah Ya sa ƙanwar mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka ce ciwon damuwa ne, aka ɗora shi kan magani da zaman tattaunawa. Ya warke, ya gama karatunsa shekara guda bayanmu.

Mu da muka tsallake ba ƙarfin zuciya muka fi shi ba. Ni wani tela a unguwarmu ne ya zaunar da ni kan keke muna ɗinka takunkumin fuska, daga nan na iya yankan riga. Wasu sun kama sayar da data, wasu POS, wasu sun tafi ƙauye noman damina, wasu sun koma hadda. Muna kuma da zauren WhatsApp na 'yan aji inda muke bitar babi ɗaya kowane mako. Da na duba, duk wanda ya ɗan samu sauƙi a cikinmu yana da abin da ke tashinsa da safe, yana kuma da wanda zai neme shi in bai fito ba. Abokina ya rasa na farkon, mu kuma muka yi sakaci da na biyun.

Shi ya sa raina ba ya so in ji ana yabon juriyar ɗaliban Najeriya a tsaya nan. Juriyar gaskiya ce, na gan ta da idona, amma an mayar da ita hujjar ƙin yin komai. Da muka koma, cunkusa mana karatu aka yi a gajeren zango, sai jarrabawa. Ban ji wanda ya tara mu ya tambayi wa ya rasa uba, wa ya kasa dawowa ba. A 2022 wani yajin aikin ASUU ya sake zaunar da ƙannenmu wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ina roƙon shugabannin jami'o'i su bi bayanta da aiki: a samar da ƙwararrun masu ba da shawara da lambar wayar da ɗalibi zai kira ko makaranta na rufe, a kuma riƙe masa sirrinsa. Limamai da fastoci su taimaka su faɗa wa jama'a cewa zuwa asibiti bai saɓa wa addu'a ba. Iyaye kuma, yaron da ya shige ɗaki ya yi shiru makonni, a zauna da shi kafin a yi masa faɗa.

Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilanka su nemo ɗaliban 2020 da ba su koma aji ba. A ajinmu kaɗai na san mutum uku.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi, daga Kano