Ga mai son haɗa kwamfutar gem ta farko da kuɗi kaɗan

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana da samarinmu na Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango, har da iyayensu da yayyensu, tunda galibi daga aljihunsu kuɗin ke fitowa. Yara da yawa sun gaji da biyan kuɗin awa a shagon gem, suna tara sidi don su mallaki tasu kwamfutar. Abin takaicin shi ne inda kuɗin ke tafiya. Sai a sayi akwati mai gilashi da fitilu kala-kala, a sa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don kawai an rubuta i7 a jikinsa, in an zo kan katin hoto, mai fitar da hoton wasa, da akwatin wuta, mai raba wa kayan ciki lantarki, a ce a yi maneji da canjin da ya rage. Ga wanda ke zaune a Accra, da irin wutarmu da zafinmu da ƙurarmu, waɗannan biyun da ake bari a ƙarshe su ya kamata a fara warewa kuɗi.

Mu fara da wannan i7 ɗin. Sunan shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka duba lambar da ke biye. i7-3770 na shekarar 2012 ne, i3-12100F kuwa na 2022, kuma a wasa ƙaramin sunan ya fi babban gudu nesa ba kusa ba. Lambar farko, ko biyun farko, bayan karan tsakiya ita ce zuriyar firosesan. Kusan duk Intel da ke ƙasa da zuriya ta 8, da Ryzen na jerin 1000, Windows 11 ba ta karɓar su a hukumance, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wasu wasannin, irin su Valorant, ba za su buɗe a Windows 11 ba sai an kunna saitunan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot. Wanda ya sayi tsohuwar zuriya ya sayi arha, amma arhar da ba ta ado.

Hanyar da muka fi ba mai ƙaramin ƙarfi shawara ita ce ta AMD mai soket ɗin AM4, wato mazaunin firosesa, domin kayanta sun cika kasuwa, sabbi da na hannu. Ryzen 5 5600 yana da ƙwayoyi 6, yana cin wajen wat 65, kuma in sabo ne a kwali da fankarsa yake zuwa. In kuɗi bai kai ba, Ryzen 5 3600 na 2019 zai yi aikin. Madabod, wato babban allon da ake jona komai a kai, a nemi B550 ko B450. Sai dai a kula, B450 ya riga jerin 5000 fitowa, saboda haka wanda ya daɗe a ajiye ba zai gane 5600 ba sai an sabunta masa BIOS, manhajar da ke tayar da madabod. Fanka za ta juya, fitila ta kama, monita ya tsaya baƙi ƙirin, yaro ya ɗauka an sayar masa da mushe. A sa mai shago ya ɗora firosesan a kan madabod ɗin ya kunna a gabanka kafin ka tura masa kuɗi ta MoMo.

Wani abin da ake mantawa: 5600 da 3600 da duk Intel mai harafin F a ƙarshe ba sa fitar da hoto da kansu, dole sai da kati. Wanda kuɗin kati bai samu ba tukuna ya ɗauki Ryzen 5 5600G, mai ɗauke da nasa hoton a ciki. Zai buga eFootball da Valorant in an rage saiti, har Allah ya hore kuɗin katin.

Katin hoto shi ne zuciyar kwamfutar gem, kuma a ganinmu kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin kwamfutar nan ya kamata su tafi. Ga monita mai 1080p, RX 6600 mai giga 8 shi ne zaɓinmu. Wat 132 yake ci, waya ɗaya mai fil 8 ta ishe shi, kuma yana ɗaukar EA Sports FC da GTA V da Fortnite ba tare da haki ba. Ƙasa da shi akwai GTX 1660 Super mai giga 6, sai RX 580 mai giga 8, wanda ya fito tun 2017, yana cin wat 185, yana kuma ɗumama ɗaki kamar kurfot. Kati mai giga 4 a yau sai in babu yadda za a yi.

A nan ne aka fi cutar mutane, don haka za mu ɗan daɗe. Tun da Ethereum ta daina haƙar kuɗin intanet da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, mu ma sun iso mana cikin kayan hannu. Ba duka ne matattu ba, amma ba a sayen su da ido. Ko a kasuwar Circle ne, ko wajen wanda aka haɗu da shi a shafukan saye da sayarwa na Jiji ko Tonaton, a tafi da filash mai manhajoji uku na kyauta: GPU-Z da FurMark da CrystalDiskInfo. GPU-Z zai nuna ainihin abin da ke cikin katin. RX 580 na gaske yana nuna 2304 a gurbin shaders. In ka ga 2048, wannan ƙarfinsa na RX 570 ne, sai a biya kuɗin 570. Akwai kuma jabun GTX 1050 Ti, tsofaffin katuna da aka sauya musu suna. Alamarsu mai sauƙi ce, in ka ga ramin VGA mai ruwan bula a bayan katin ka ajiye shi, domin na gaskiya ba ya zuwa da shi. Daga nan a kunna FurMark, mai sa kati aiki tuƙuru, na minti 15, ido na kan monita, kunne na kan fanka. Ɗigo-ɗigo masu kala, layuka, ɗaukewar hoto, fankar da ke gurnani ko ta ƙi juyawa bayan kati ya ɗau zafi, kowanne ya isa a fasa ciniki. In zafi ya haura digiri 85 amma hoto bai lalace ba, galibi man sanyayawa ne ya bushe, ana iya canza shi, kuma hujja ce ta neman ragi. Mai kayan da ya ce ba shi da wutar gwaji, ko yana sauri, a yi masa sai an jima.

RAM, inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin, ba ya buƙatar dogon bayani. DDR4 mai gudun 3200, giga 16, amma sanda biyu na giga 8, ba sanda ɗaya na 16 ba, don firosesa na ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Bambancin ya fi fitowa a 5600G. In madabod mai rami huɗu ne, a sa su a na biyu da na huɗu in an ƙirgo daga firosesa. Ma'ajiya kuwa SSD irin NVMe mai giga 500, in da hali tera 1, domin wasa ɗaya kan lashe giga 100. Na hannu a duba lafiyarsa da yawan awannin da ya yi a CrystalDiskInfo. SSD marar suna mai tera 2 a farashin filash ƙarya ce zalla.

Sai akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai. Shi ne abu ɗaya da muke cewa a saya sabo, na kamfanin da aka sani, mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze. Haɗin 5600 da RX 6600 yana jan wajen wat 250 a tsakiyar wasa, don haka 550 ya bar sarari. Wanda ake haɗawa kyauta da akwati mai arha, marar nauyi kamar gwangwanin madara, ko an rubuta 650 a jikinsa ba ya bayar da hakan. Alamarsa ita ce kwamfuta ta mutu daidai lokacin da wasa ya yi zafi, kuma ranar da zai ƙone yakan tafi da madabod ko kati. Tsofaffin da suka zo daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutar Ghana bolt 230 ce. In yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Kowa ya san dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta, amma dawowar wutar da hawa da saukarta sun fi ɗaukewar ɓarna. A sa UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, mai daidaita wuta, cikin lissafi tun farko. A lura VA ba wat ba ne, mai 650VA bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, wato da ƙyar zai riƙe akwati da monita. Mai 1000VA ya fi kwanciyar hankali. Aikinsa ya ba ka 'yan mintoci ka kashe kwamfuta lafiya, ba a ci gaba da buga ƙwallo a kansa ba. A gidajen haya da yawa soket ba shi da wayar ƙasa. In ka taɓa akwati ka ji yana tsikarar hannu, a kira mai gyaran wuta kafin komai. Ga iyaye masu tunanin mita: awa huɗu na wasa kusan yunit ɗaya ne.

Haɗawar kanta ba ta kai yadda ake jin tsoronta ba. Sukudireba mai bakin kuros ɗaya ta isa. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kaya, saboda wutar jiki na iya kashe RAM. A ɗora madabod a kan kwalinsa, a ɗaga hannun soket, a daidaita ɗan alwatikan zinariya na kusurwar firosesa da na soket. Da kansa yake faɗawa. In bai zauna ba kada a danna, filolin AM4 a jikin firosesa suke, kuma lanƙwasa ɗaya na iya jawo asara. A tura RAM har makullin ya yi ƙas. NVMe a karkace yake shiga, sannan a kwantar a ɗaure. Sabuwar fankar AMD da man sanyayawa take zuwa a shafe. In ta hannu ce, a goge tsohon man a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, in kuwa akwai leda a gindinta a ɓare. A ɗaure kusoshin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, a jona wayarta a inda aka rubuta CPU_FAN.

Kafin a sa cikin akwati, a jona kati da wuta a gwada a waje, don in akwai matsala a gan ta tun ba a ɗaure komai ba. A cikin akwatin, farantin ramukan baya ake fara sawa. Sai a duba ƙafafun tagulla da madabod ke zama a kai, kowace ta dace da rami. Ƙafa ɗaya da ta tsaya inda babu rami za ta taɓa bayan madabod ta haɗa wuta. Wayoyi uku ne manya: mai fil 24, mai fil 8 ta firosesa wadda ke rabuwa huɗu da huɗu, da ta kati mai rabuwa shida da biyu. Biyun ƙarshe sun yi kama amma ba a musanya su. In akwai kati, wayar monita a bayansa take shiga, ba a ramin madabod ba. Wannan kuskuren kaɗai ya sa mutane da yawa sun ɗauki tasi da kwamfuta lafiyayya zuwa wajen mai gyara.

Kunnawar farko takan ɗauki minti guda, a yi haƙuri. In hoto bai zo ba, a cire RAM a mayar da sanda ɗaya. In har yanzu shiru, a zare wuta, a cire ɗan batirin CR2032 na minti biyar a mayar. Da hoto ya zo a danna Delete a shiga BIOS a kunna XMP, saitin gudun RAM, wanda allunan Asus na AMD ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. Windows a sauke ta daga shafin Microsoft zuwa filash mai giga 8, direban kati kuma daga AMD ko Nvidia. Saboda tsadar data, in aboki na da wasan a Steam, shagon wasanni na intanet, ana iya kwafo fayilolinsa, muddin kai ma ka saye shi a asusunka. Wasannin sata da ake lodawa a shago kuwa sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa.

Ga wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa, akwai tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk. A nemi zuriya ta 8 zuwa sama, doguwar ba siririyar ba. Akwatin wutarsu ƙarami ne, wayoyinsa ma na kamfanin ne, ba ya canzuwa da sauƙi, don haka sai katin da ba ya neman waya, kamar RTX 3050 mai giga 6 ko GTX 1650 marar ramin wuta. Za ta yi wasa, amma gaba ba ta ƙaruwa.

Akwati kuwa a zaɓi mai raga a gaba, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa a baya. Gilashi a gaba kyau ne kawai, a zafin Fabrairu da Maris kati zai shaƙe ya rage gudu da kansa. Kada a ajiye shi a ƙasa ko a manne da bango. Daga Disamba, in ƙurar hunturu ta sauko, a riƙa buɗewa duk wata ana hurawa da bulowa, wuta a zare, a kuma dafe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kowane kaya a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinsa da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako ɗaya ne.

Mun gode, Edita. Wassalam.

Wasu masu haɗa kwamfuta da gyaranta,
Nima, Accra.