Zuwa ga ɗana, game da zafin da motarka take ɗauka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Kawunka ya dawo daga Kano ya ce ya wuce ku bayan Kazaure, yaron motarka yana ɗura ruwan leda a lagireto, fasinja na zaune a inuwa. Ya ce kuma ba ranar aka fara ba. Shi ya sa na rubuto, don in na kira ka a waya "ba komai, Baba" kawai zan ji.

Ruwan da kake ƙarawa kullum yana da inda yake zuwa, kuma tsohuwar Hiace irin taka takan nuna inda ciwon yake idan ka lura da lokacin da allurar zafin inji ke tashi. In a cunkoso take zafi, ko kana tsaye a tasha kana jiran lodi, amma da ka hau titi sai ta sauka, to iska ce ba ta isa lagireto. Duba fanka da fanbel. Ka kashe inji, ka juya fankar da hannu. In tana ta juyawa sakaka alhali injin na da zafi, kulocinta ya mutu. In kuwa sai ka miƙe hanya da cikakken lodi take tashi, ka zargi lagireton kansa ko famfon ruwa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe shi ta waje, ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna tara kanwa da tsatsa ta ciki. Na waje kai ma za ka iya wankewa, a hankali, kada ka lanƙwasa ganyen. Na ciki sai mai gyaran lagireto ya buɗe ya tsefe.

Kafin duk wannan, fara da murfin lagireto, shi ne mafi araha kuma shi aka fi rainawa. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya doshi 120 bai tafasa ba. Da robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa amai ta ƙaramin tiyo ba tare da ka ga yoyo ko ɗaya ba. Na sha ganin an sauke inji kan abin da murfi zai gyara.

Na san za a ce maka ka cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Kusan kowane gareji haka ake faɗa, ni dai ban yarda ba. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 82. In an cire, da asubar hunturu injin zai daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, ya ci kansa, ranar bazara kuma zafin na nan tunda ba a taɓa sanadinsa ba. Tamostat yana iya maƙalewa a rufe, wannan gaskiya ne: allura ta haura da wuri, inji ya yi zafi jau, lagireto kuwa da sanyinsa. A kwance shi a jefa cikin tafasasshen ruwa. In bai buɗe ba, sayi sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kada ka bar gurbin fayau.

Abin da nake tsoro shi ne gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Da safe, kafin ka tayar, buɗe murfin ka cika ruwa, sannan ka tayar ka leƙa. Kumfa mai tasowa ba tsayawa alama ce mara kyau. Haka farin hayaƙi a salansa bayan inji ya ɗumama, ko ka zaro sandar baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. In ka ga ɗaya cikin waɗannan, ajiye motar. Kuma in an buɗe kan injin, ka sa a kai shi a gwada ko ya lanƙwashe ko ya tsage, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma ba zai kai sallah ba.

A kan hanya kuwa, da allura ta kusa ja, sauka gefe. Fasinja za su yi guna-guni, bar su, ba su za su sayi inji ba. Kada ka bari yaron nan ya taɓa murfi da zafi, tururin yana saɓule fatar hannu da fuska, kuma ɗan mutane ne amana a wurinka. Kada a kwara ruwan sanyi a injin da ya ƙone da zafi, nan ne ƙarfe ke tsagewa. Ku jira ya huce, a zuba kaɗan-kaɗan inji na aiki. Bayan an wanke lagireton, ka daure ka sayi ruwan lagireto na gora mai launi, yana hana tsatsa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka da yara. Ranar Juma'a kada ka ɗauki lodin yamma, kawo motar gida Daura ta kwana, mu duba ta tare da safe tana da sanyi. Ka taho da tsohon murfin ko da ka riga ka canza, ina son ganin robarsa.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka.