Sanarwa kan gasar boga ta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ga masu ɗanɗano a gasar boga (burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya) ta Asabar, za mu bi tsarin makin da ake amfani da shi a gasar World Food Championships ta Amurka: ɗanɗano kashi 50, iya haɗawa kashi 35, kyan gani kashi 15. Don haka kada hasumiyar boga mai hawa uku ta ruɗe ku, kyan gani ne mafi ƙarancin maki.

Kowace boga a yanka ta biyu kafin a ci. A duba cikin naman. Niƙaƙƙen naman shanu sai zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Selshiyos kafin a amince da shi, ja-ja-ja a tsakiya ba gwaninta ba ce a wurinmu. Amma kuma kada ya bushe ya koma kilishi. Masana harkar sun fi son nama mai kitse kashi 20, tsoka kashi 80, shi ne ke riƙe romo. A lura da burodin ma, in ya jiƙe ya ruguje a hannu tun cizo na biyu, a rage maki, komai daɗin cukwin.

A kurɓi ruwa tsakanin boga da boga. Masu son yaji, haƙuri, ba a ƙara komai kafin a ba da maki.

Nama duk halal ne, babu naman alade. Mai halarta ya rubuta sunansa kafin Alhamis da dare.