Ginin gida: a riƙa lissafi da buhu da bulo, ba da naira kaɗai ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida taka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa masu tara taro da sisi da niyyar gina gidan da za su zauna da iyalinsu.

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin bayan garin Kano zai ga kangaye birjik, an kai su linta an tsaya, ciyawa ta fito a falo, awaki sun mayar da ɗakunan wurin kwana. Akasarin masu waɗannan gine-gine ba sakaci ne ya tsayar da su ba, kuskuren lissafi ne tun daga farko, kuma ni ma na faɗa cikinsa.

A farkon 2023 na kira wani magini ya duba filina mai ƙafa 50 sau 50, na gaya masa ina son ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu. Ya taka filin da ƙafa, ya yage bayan kwalin sukari, ya rubuta mini bulo kaza, siminti kaza, yashi tifa kaza, rodi kaza, sannan ya ce, "Alhaji, da wannan kuɗin in sha Allahu sai dai ka shigo da kaya." A lokacin buhun siminti bai kai naira 5,000 ba. Aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni, kuɗin dako ya tashi, kuma zuwa Fabrairun 2024 buhun ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Takardar maginin nan ta tashi daga aiki kafin mu gama jamin fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan harsashi.

Abin da na koya shi ne, ƙiyasin da aka rubuta da naira kaɗai ba ya wuce 'yan makonni, amma wanda aka rubuta da yawan kaya yana nan daram ko farashi ya ninka. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10, ko a bara ko a baɗi. Rodi tsawonsa mita 12 ne, buhun siminti kilo 50, bandir ɗin kwano falle 20. Idan mutum ya san adadin abin da gidansa zai ci a kowane mataki, abin da ya rage masa shi ne ya leƙa Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako ta Na'ibawa ya ji farashin ranar, ya ninka. Fitar da wannan adadi aikin masu ƙididdigar gini ne, waɗanda ake kira kwantiti safiyo, kuma mu talakawa muna gudunsu ne don muna ganin sai mai ginin bene ke buƙatarsu, alhali ladan da za su karɓa a kan ƙaramin gida bai kai asarar da kuskure ɗaya zai jawo ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa wanda ya kai linta ya ci rabin aiki. Bango shi ne ke saurin tashi, shi ne kuma ke burge maƙwabta, amma kuɗin gaske yana gaba: katakon rufi da kwano da ƙusa da ladan kafinta, filasta ciki da waje, ƙofofi da tagogi da aikin mai walda, wayarin, bututun ruwa, silin, tayil, fenti. A gidana, abin da na kashe daga rufi zuwa ranar tarewa ya fi abin da na kashe daga harsashi zuwa linta, kuma ban sa komai na ƙawa ba.

Akwai kuma abubuwan da ba su taɓa shiga bayan kwalin sukarin nan ba. Katanga ce ta farko, kuma a wurinmu gida ba ya zama gida sai da ita, saboda sutura ga iyali. Zagayen fili mai ƙafa 50 sau 50 ƙafa 200 ne, wato kusan mita 61, kuma idan katangar za ta kai mita biyu da rabi, bulo wajen 1,500 ke nan, ban da na harsashi da ginshiƙai da ƙofar ƙarfe. Sai haƙar shadda da sokawe, sai ciko idan filin kwari ne, sai ruwan aiki da ake saye a wurin 'yan garuwa ko tanka, sai kuɗin sauke kaya, sai mai gadi, domin rodin da ya kwana a fili babu mai tsaro da wuya ya wayi gari. Kuɗin zanen gida da na izinin gini daga hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, su ma a sa su tun farko, don wanda ya tsallake su yana iya zuwa ya tarar da jan fenti a bangonsa. A bisa duk wannan, ina ba da shawarar a ware aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimillar kuɗin saboda abin da ba a zata ba.

Game da sayen kaya a ajiye, wanda mutane da yawa ke yi don gudun tashin farashi, a bambance. Kwano da tayil da ƙofofi da wayar lantarki suna jure ajiya idan akwai amintaccen wuri. Siminti kuwa ba ya son ya wuce wata biyu zuwa uku, musamman da damina. Na taɓa buɗe shago na tarar da buhu 12 sun zama dutse saboda an jingina su da bango a kan daɓe mai sanyi. Gara a juya shi ya zama bulo. Idan kuma za a sayi bulon ne, a tambayi nawa ake bugawa daga buhu ɗaya, domin wasu suna miƙa buhu har bulon ya riƙa marmashewa a hannun lebura, kuma araha ba ta ado: abin da aka rage a bulo sai a biya shi a filasta da gyaran tsaga.

Ladan ma'aikata ma a yi shi a rubuce, mataki-mataki, da shaidu, kada a biya kuɗin linta alhali ana harsashi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi kowane mako ka riƙa kawo farashin siminti da rodi mai milimita 12 da 16 da bandir ɗin kwano da tifar yashi da bulo mai inci 6 da 9 daga Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Dei-Dei ta Abuja, kamar yadda ake kawo farashin masara da gero daga Dawanau. Idan da hali kuma, a gayyato ƙwararren mai ƙididdigar gini ya fitar da jerin kayan da gida mai ɗaki biyu da mai ɗaki uku ke ci, da Hausa, a buga shi yadda mutum zai yanke ya adana.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani ma'aikacin gwamnati daga Kano