Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Kan Sharuɗɗan Shiga Gasar 'Yan Sandan Doki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Zariya domin in roƙi rundunarka ta riƙa shirya gasar hawa tsakanin 'yan sandan doki kowace shekara, ta kuma rubuta sharuɗɗan shiga gasar a fili tun kafin a ɗaura wa kowane doki sirdi. Abin da nake so sharuɗɗan su tsare guda ɗaya ne: wanda zai shiga fili ya kasance ɗan sandan da hawan doki ne aikinsa na yau da kullum, a kan dokin da yake yin aikin da shi.

Wasu ƙasashe sun daɗe suna yin haka. Indiya tana haɗa rundunonin 'yan sandanta a gasar dawaki ta ƙasa, Amurka da Kanada kuma suna da tasu ta haɗin gwiwa, inda alƙalai ke duba tsabtar kaki da kayan doki, su duba iya zama a sirdi, sannan a bi da doki ta cikin abubuwan da za su firgita shi. Mu ma muna da harsashin ginin, tunda rundunarka tana da sashen dawaki da makarantar horar da mahaya a Jos.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe ya san abin da ake nema a wurin dokin aiki. Kakaki da algaita suna tashi, 'yan bindiga suna sakin harbi har hayaƙi ya turnuƙe, yara suna kutsawa ta ƙarƙashin wuyan dawaki, mata suna rangaɗa guɗa. A irin wannan wuri za ka ga ingarma mai kyan gani ya kafa kunnuwa, ya fara ja da baya yana neman yin tutsu, alhali wani doki da ba wanda zai kalla sau biyu yana tsaye cak, jama'a suna matsarsa ta ko'ina bai ɗaga kofato ba. Na biyun shi ne dokin ɗan sanda, kuma shi ya kamata gasar ta zaƙulo. Gudu da tsalle suna da filayensu a wurin 'yan sukuwa da 'yan folo.

Saboda haka sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne na hana aro. A garinmu haya da aron doki lokacin Sallah abu ne sananne, kuma da zarar an sa kofi da kuɗi a gasa, wasu za su garzaya bargar wani attajiri su karɓo dokin folo da aka sayo daga Ajantina, su hau shi kwana biyu, su zo su kayar da kurtun da ya shekara yana sintiri a rana. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A rubuta cewa dole dokin ya kasance cikin rajistar rundunar, da lambarsa da launinsa da alamomin jikinsa, kuma shi da mahayinsa sun yi aƙalla wata 6 suna aiki tare, da shaidar littafin fita aiki. Haka nan mahayin ya zama yana cikin sashen dawaki a lokacin gasar. Manyan jami'ai masu sha'awar hawa, waɗanda na san suna da yawa kuma wasunsu gwanaye ne, a ware musu nasu rukunin, domin ba adalci ba ne a ce kofur ya kara da mai gidansa a gaban alƙalan da su ma a ƙarƙashinsa suke.

Sai lafiyar dokin. Haƙoran gaba na doki ba sa gama sauyawa sai ya kai wajen shekara 5, don haka kada a karɓi duƙushin da bai kai nan ba, komai kyansa. Likitan dabbobi ya duba kowane doki kafin gasa da bayanta: ɗingishi, ciwon baya daga sirdi, kofato, da takardar rigakafin annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, musamman da damina, kuma takan kashe mafi yawan dawakin da ta kama. Tara dawaki daga jihohi daban-daban a wuri guda ba tare da wannan takarda ba ganganci ne. A ƙara da cewa duk dokin da aka ga jini a bakinsa ko a haƙarƙarinsa an fitar da mahayinsa nan take. Na faɗi haka ne ina sane da cewa linzaminmu na gargajiya yana da kaifi, kuma da yawa daga cikinmu mun saba ganin kumfa mai jini a bakin doki bayan jafi har mun daina ɗaukarsa a bakin komai. Wanda sai ya yaga bakin doki kafin ya tsayar da shi bai cancanci a ba shi amanar shiga taro da dabba ba.

A buɗe ƙofa ga mata 'yan sanda a kan sharuɗɗa iri ɗaya da na maza, a ware rukuni ga sababbin mahaya, a kuma wajabta hular kwano ga kowa. Murin da ke share barga, yana ba da harawa da dusa da kanwa tun asuba, a rubuta sunansa a takardar shiga, ya samu kasonsa idan dokin ya ci.

Idan rundunar tana neman wurin farawa, Zariya tana da abin da ake bukata: filin folo, asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, da masarautar da har yau take da Shamaki da masana doki waɗanda za su iya zama tare da alƙalai. A buga sharuɗɗan da Hausa da Turanci, a aika wa kowace jiha wata 3 kafin ranar gasar.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kiwon doki,
Tudun Wada, Zariya.